Anka, Gummi da Bukkuyum: Wa zai gabatar da mu ga sabon dillali?

A ƙarshen daminar da ta gabata na halarci wani taron masana harshe a kudancin ƙasar nan. Bayan an tashi daga zaure, sai muka zauna shan shayi da wata abokiyar aiki Bayarabiya, wadda ban da koyarwa takan taɓa cinikin kayan ado na gargajiya. Da ta ji cewa ni mutumin yammacin Zamfara ne, sai ta ce ai ta daɗe tana cigiyar inda za ta riƙa sarin ƙwarya da yawa, kuma an taɓa ambata mata Gummi. Kafin in buɗe baki ta zaro wayarta, ta jefa tambayar ga ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira waɗanda yanzu ake yi wa tambaya kamar mutum, su kuma ba da amsa kamar mutum. Manhajar ta ba ta labarin ambaliya, ta ja mata kunne a kan rashin tsaro, sannan ta ba ta shawarar ta nemi kayan a kasuwannin Kano. Ko sunan mai ƙwarya guda ɗaya ba ta kawo ba.

Da yake ina da ƙane, ɗan ƙanwar mahaifiyata, da ya gaji wannan sana'a, sai na haɗa su, kuma cikin ikon Allah ciniki ya faɗa. Amma da na kira shi na ba shi labarin abin da na gani a wayar, dariya ya yi, ya ce: "Yaya Malam, mi za ni yi da intanet? Wanda ka son ƙwarya ai ya san hanyag Gummi." Na ce masa wannan baiwar Allah tana son ƙwarya, da kuɗinta a hannu, amma ba ta san hanyar ba, kuma wanda ta tambaya ya nuna mata wata hanyar daban. Tun daga ranar nake tambayar kaina, masu saye nawa ne suka yi irin wannan tambaya ba tare da wani Bazamfare yana zaune kusa da su ba? Wannan ne dalilin wannan rubutu.

Dillali ya sauya kama

Mai karatu ya san cewa cinikin nesa a ƙasar Hausa bai taɓa tafiya ba sai da mai tsayawa a tsakani. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, a gidan fatoma suke sauka, shi ne ya san mai kaya da mai kuɗi, shi yake tsaya wa baƙo, shi kuma yake cewa wane mutumin kirki ne, wane kuwa a yi hattara da shi. A 1969 masanin nan Abner Cohen ya wallafa littafi sukutum a kan yadda masu gidaje da dillalai na Sabon Ibadan suka riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, kuma jarinsu na gaskiya shi ne sanin mutane. Wanda dillali bai sani ba, ko kayansa sun fi na kowa kyau, da wuya baƙo ya iso rumfarsa.

Abin da ya faru a 'yan shekarun nan shi ne, wani ɓangare na wannan aiki ya koma hannun na'ura. Da can idan mutum ya yi bincike a intanet, jerin shafuka ake zubo masa, ya zaɓa da kansa. Daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da aka fito da ChatGPT, salo ya soma sauyawa. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa basirar a cikin WhatsApp ga mutanen Najeriya, a watan Mayu na shekarar Google ya soma ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike a Amurka, kafin ƙarshen shekarar kuma ya faɗaɗa ta zuwa ƙasashe fiye da ɗari. Wato yanzu amsa ɗaya dunƙulalliya ake miƙo wa mai tambaya, mai ɗauke da sunaye biyu ko uku. A tsarin da, wanda ya zo na goma sha biyar a jeri yana da sauran fata. A tsarin yanzu, wanda ba a ambata ba tamkar babu shi ne.

To, daga ina wannan sabon dillali yake samun saninsa? Ba ya zuwa kasuwa, ba ya zaman majalisa, ba ya jin hirar tasha. Abin da aka rubuta kawai ya sani. Da farko an ciyar da shi ɗimbin rubuce-rubucen da ke intanet, sannan idan aka yi masa tambaya yakan leƙa rumbunan injin bincike da taswirori da kundayen bayanai, ya tattaro abin da ya samu ya tsara amsa. Mu kuwa kasuwancinmu kusan duk a baki yake, ko a kiran waya, ko a zaurukan WhatsApp waɗanda a kulle suke, babu injin binciken da yake ganin cikinsu. Saboda haka ɗan kasuwar Nasarawar Burkullu da ke loda manyan motoci da hatsi, a idon na'ura daidai yake da wanda bai taɓa sayar da ko mudu ɗaya ba.

Shaidar buhu

A nan ne maganar tsararrun bayanai ta shigo, kuma abin bai kai wuyar da sunansa yake nunawa ba. Duk wanda ya taɓa aika kaya a tasha ya san ba a ɗora buhu a mota haka kawai. Sai an rubuta a jikinsa sunan mai shi, da garin da za shi, da lambar waya, ta yadda yaron mota da bai san mai kayan ba zai iya sauke shi inda ya dace. Tsararrun bayanai shaida ce irin wannan, da ake maƙala wa shafin intanet a bayan fage. Mai karatu ba ya ganinta, na'ura ce take karanta ta.

Bambancin yana nan ne. Idan aka rubuta cewa wane yana sayar da shinkafa a bakin kasuwa kowace rana ban da Juma'a, ɗan Adam ya fahimta nan take, amma na'ura sai ta yi ta kirdado: wanne ne sunan mutum, wanne ne sunan wuri, Juma'ar nan rana ce ko mace ce? Idan kuwa aka zuba bayanin a gurabe, kowane gurbi da laƙabinsa, gurbin suna daban, na sana'a daban, na gari da jiha da ƙasa daban, na ranakun buɗewa daban, na lambar waya daban, to kirdado ya ƙare. Kamar cike fom ne, illa dai fom ɗin na duniya ne baki ɗaya.

Tunanin ya daɗe. Tun a 2001 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago tsarin shafukan intanet, ya yi kira da a gina intanet ɗin da na'ura za ta gane ma'anar abin da ke cikinta. A watan Yuni na 2011 Google da Microsoft da Yahoo, duk da kishin da ke tsakaninsu, suka amince da ƙamus ɗaya na waɗannan gurabe, suka sa masa suna Schema.org, kamfanin Yandex na Rasha ya bi sahu a ƙarshen shekarar. A cikin ƙamus ɗin akwai rukuni na musamman mai suna LocalBusiness, domin shaguna da ƙananan sana'o'i na unguwa. A 2014 kuma aka tabbatar da wata hanya mai sauƙi ta rubuta shaidar, wadda ake kira JSON-LD, wadda ɗalibin kwamfuta na ajin farko zai iya koya a zama ɗaya. Ba a biyan ko sisi kafin a yi amfani da ita.

Inda gizo yake saƙa: sunayenmu

Gurbi na farko a wannan fom shi ne suna, kuma a nan ne ni, a matsayina na ɗalibin ilimin harshe, na ga babbar matsalarmu. Bahaushe ya ce suna linzami, to bari mu duba linzamin garuruwan nan uku.

Ɗauki Anka, garin da gidan sarautar Zamfara ya zauna a cikinsa bayan faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a ƙarni na 18. Idan aka rubuta waɗannan haruffa huɗu a intanet, akwai mawaƙin nan haifaffen Kanada, Paul Anka, akwai jirgin yaƙi marar matuƙi da Turkiyya take ƙerawa mai wannan suna, kuma a harshen mutanen Suwidin kalmar tana nufin agwagwa. Abin da ya fi ba ni sha'awa ma shi ne, a karin harshen mutanen Ankar kansu, kalmar tana cikin nahawu. Inda Bakano zai ce "da aka tashi", Bazamfare da Basakkwace cewa suke yi "da anka tashi", kamar yadda suke cewa munka, kunka, sunka. Saboda haka na'urar da ta ci karo da "anka" a rubutun Hausar yamma, musamman irin na waya da ba a kula da babban baƙi, ba ta da tabbacin gari ake nufi ko wakilin suna.

Gummi kuwa matsalarta ruɓanya baƙi ce. A Hausa ruɓanya baƙi yana sauya ma'ana, shi ya sa baba daban, babba daban. Idan aka zubar da "m" ɗaya daga Gummi, an koma gumi, wato zufa. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, haifaffen garin ne, amma da "m" ɗaya sunansa ya shiga littattafai, ga shi kuma akwai wani babban birnin masana'antun lantarki a Koriya ta Kudu mai suna Gumi. Idan ma an rubuta "m" biyun daidai, a Jamusanci kalmar tana nufin roba, kuma da ita ake kiran wata alewa mai danƙo da ta cika intanet. Wanda bai san ƙasar ba ma yakan rikita ta da Gumel ta jihar Jigawa.

Bukkuyum ba ta da takwara a waje, ita rigimarta ta cikin gida ce. Za ka ga Bukkuyum, ka ga Bukuyum, a tsofaffin taswirori kuma ka ga Bukwium. Haka Ɗaki Takwas, mahaɗar hanyoyin nan ta ƙasar Gummi: wani ya rubuta da ƙugiya, wani babu, wani ya haɗe kalmomin biyu su zama ɗaya. Ga ɗan gari duk abu ɗaya ne, amma na'ura tana iya ɗaukar su a matsayin wurare uku, ta raba ɗan bayanin da ake da shi gida uku, kowanne ya yi ƙaranci har ya kasa fitowa.

Mu Hausawa ba baƙin daidaita rubutu ba ne. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, a shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu ƙugiya, an kafa Hukumar Hausa a 1955, Jami'ar Bayero kuma ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai duk wannan ƙoƙari ya fi karkata ga kalmomin yau da kullum, sunayen ƙauyuka da unguwanni da kasuwanni an bar su kowa yana rubutawa yadda kunnensa ya jiye masa. Tsararrun bayanai sun zo da maganin da bai buƙatar a yi faɗa a kan wane rubutu ne daidai. Akwai gurbin suna na asali, akwai gurbin sauran sunaye inda za a jera duk sigogin da aka sani, akwai kuma wani gurbi da ake cewa da na'ura: wannan wuri shi ne wancan da ke cikin kundi kaza. Kundin Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, yana ba kowane gari lambarsa ta kansa wadda ba ta sauyawa ko da wane harshe aka kira shi. Da zarar an ɗaure shago da lambar Anka ta Zamfara, babu sauran ruɗani da mawaƙi ko agwagwa.

Bayan sunan gari akwai sunan haja. Mu mun san masaki ba ƙoƙo ba ne, ludayi ba gora ba ne, ko da yake duk daga duma suka fito, amma Turanci yakan dunƙule su a kalma guda. Mun san mudu da tiya da kwano da buhu, kuma mun san awon wata kasuwa ba lallai ya yi daidai da na wata ba. Idan muka bar wasu suka cike mana fom ɗin da Turanci zalla, duk wannan bambanci ya zube, kuma Bahaushen Maraɗi ko Kumasi ko Ndjamena da ya yi tambayarsa da Hausa ba zai same mu ba. Ya kamata kowace shaida ta ɗauki harsuna biyu, Hausa da Turanci, kuma ƙa'idar ta tanadi yadda ake nuna harshen kowane bayani, alamar Hausa a tsarin duniya ita ce "ha". Haka batun adireshi. "Bayan masallacin Juma'a, kusa da mai faci" ya wadatar da ɗan gari, amma na'ura lambobin taswira take so, kuma kowace wayar zamani tana iya fitar da su.

Abin da duniya ta rubuta a kanmu

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa idan na'ura ba ta san mai ƙwarya ba? Damuwar ita ce ba shiru take yi ba, akwai abin da ta sani game da mu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinare, irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, inda yara kimanin 400 suka rasa rayukansu. An yi rubuce-rubuce na kimiyya da rahotanni masu yawa a kan wannan musiba. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka hallaka jama'a da dama, labarin ya zagaya duniya. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta ci gidaje a Gummi, a watan Satumba kuma kwalekwale ya kife da manoma a kan hanyarsu ta zuwa gona.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a ɓoye su, domin ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Abin da nake cewa shi ne, an rubuta mutuwarmu dalla-dalla, da kwanan wata da adadi, amma rayuwarmu ba a rubuta ta ba. Fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, da shinkafa da albasa da wake da gyaɗar da ake nomawa, da maƙera da masunta da teloli da masu injin casa, babu wanda ya zauna ya jera su. Ba ƙiyayya na'ura take yi mana ba, abin da ta tarar ta maimaita. Laifin rashin rubuta sauran kuwa ba na Bature ba ne, namu ne mu da muka yi boko, muka san yadda ake yi, muka zauna a Gusau da Kaduna da Abuja muna ƙorafin an ɓata mana suna.

Hanzari ba gudu ba

Akwai hujjoji masu nauyi da za a iya kawowa a kan wannan shawara, kuma bai kamata a tsallake su ba. Ta farko kuma mafi girma ita ce tsaro. A ƙasar da ake sace mutum don kuɗin fansa, ake kuma da masu kai rahoto a cikin gari, wane mai hankali ne zai rubuta wa duniya sunan attajiri da ƙofar gidansa da lokacin da yake buɗe shago? Wannan tsoro yana kan hanya, kuma duk wanda ya raina shi bai san yankin ba. Amma fom ɗin bai tilasta a cike kowane gurbi ba. Ana iya sa sunan sana'a ba sunan mutum ba, a sa kasuwa ba gida ba, a sa lambar ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba, a bar maganar jari da yawan kaya gaba ɗaya. Ɗan bindiga da mai kai masa rahoto sun riga sun san inda kasuwa take da ranar da take ci, wanda bai sani ba shi ne mai saye na nesa. A ƙauyukan da abin ya yi tsanani kuwa, gara a dakata, a soma da manyan garuruwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta wajabta a kiyaye haƙƙin mutum a kan bayanansa, saboda haka kada a sa kowa sai da yardarsa, kuma duk ranar da ya ce a cire shi, a cire.

Ta biyu, shaidar nan a jikin shafin intanet ake maƙala ta, mutanenmu kuwa ba su da shafi, wani lokaci ma layin wayar kansa ba ya samuwa. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako, jama'a suka riƙa tafiya wasu jihohi don su yi kira ɗaya. Amsa a nan ita ce ba sai kowane mai rumfa ya mallaki shafinsa ba. Shafi ɗaya ya ishi kasuwa guda ko ƙaramar hukuma guda, kowace sana'a da nata gurbi a ciki. Kuma shafin ba a Bukkuyum yake kwana ba, ko layi ya ɗauke a garin, mai tambaya daga Ibadan zai ci gaba da ganinsa. Ban da wannan, rajistar sana'a a taswirar Google kyauta ce, haka ma taswirar OpenStreetMap wadda tun 2004 jama'a suke ginawa da hannunsu.

Ta uku, kada wani ya ɗauka laya ce. Kamfanin Google da kansa ya bayyana cewa babu wata shaida ta musamman da ke tabbatar wa shafi fitowa a amsoshin basirarsa, kuma ya yi gargaɗin cewa abin da aka rubuta a bayan fage dole ya yi daidai da abin da ke fili. Aikin shaidar shi ne kawar da ruɗani da sauƙaƙa wa na'ura fahimta, amma sai akwai abin da za a fahimta tukuna, wato rubutaccen bayani na gaskiya da ake sabuntawa. Ina faɗar haka ne domin na san nan gaba kaɗan za a samu 'yan kwangila su zo da takardar miliyoyi suna alkawarin ɗora jiha a saman intanet cikin mako biyu. Haka kuma macuta za su iya ƙirƙirar shagon bogi da sunan Gummi su karɓi kuɗin mutane. Maganinsu shi ne abin da kakanninmu suka yi amfani da shi, wato mai tsaya wa mutum. Kundin da sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiya suka tantance ya fi ƙarfin shafin da wani ya ƙaga a ɗakinsa.

Akwai kuma ta huɗu wadda ba a cika faɗa a fili ba, wato tsoron haraji. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suna ganin duk wata rajista tarko ce. Saboda haka ina ganin kuskure ne a damƙa wannan aiki a hannun ofishin tara kuɗin shiga. Ya zama na 'yan kasuwar ne da kansu, hukuma ta tsaya a matsayin mai taimako.

Mafita

Aikin ya kasu kashi uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko namu ne, malaman harshe. Sassan Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Maru su haɗa hannu da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum a fitar da kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka da kasuwanni, kowanne da rubutunsa na ƙa'ida da sauran sigoginsa da yadda 'yan gari suke furta shi. Ba daga tushe za a fara ba, domin a lokacin yaƙi da cutar shan inna, wanda ya kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam an zana taswirar ƙauyuka da rugage na jihohin Arewa. Idan an iya nemo kowace ruga don a ɗiga wa yaro magani, ana iya nemo kowace kasuwa. Maimakon ɗalibanmu su yi ta maimaita kundin digiri a kan batutuwan da aka gaji da su, a tura kowanne gundumarsa ya tattaro sunaye da kalmomin sana'a, a zuba su a Wikidata da Wikipedia ta Hausa.

Na biyu na matasa ne masu ilimin kwamfuta, irin waɗanda ake yayewa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da waɗanda suka shiga shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku da aka ƙaddamar a 2023. Su ne za su gina shafin, su maƙala shaidar, su riƙa sabunta ta. Wannan sana'a ce da za a ci abinci da ita, kamar yadda 'yan POS da masu cajin waya suka samu tasu a bakin kowace kasuwa. Na uku na shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin manoma da masu sana'a ne, su ne za su ce wane namu ne, su karɓi kiran baƙo, su sasanta idan an samu saɓani. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwan nan da ke Kaduna da Abuja da Legas kuwa, kuɗin da suke kashewa a liyafa ɗaya ya isa ya riƙe shafin shekara da shekaru.

Jama'a, ba na cewa wannan zai kori 'yan bindiga daga daji ko ya gyara hanyar da ta lalace. Amma zaman lafiya idan Allah Ya kawo shi, zai tarar da duniyar da ta riga ta saba tambayar na'ura kafin ta ɗaga ƙafa, kuma abin da na'urar za ta faɗa a ranar, yau ake rubuta shi. Masu ƙwarya sun fi kowa sanin cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙanen nan nawa, da na sake yi masa bayani da misalin shaidar buhu, sai ya yi shiru, can ya ce in dai ba za a sa gidansa ba, a rubuta shi, a kuma rubuta maƙwabtansa na rumfa, don kada a ce ya ci shi kaɗai. Da wannan sharaɗi nasa nake ganin ya kamata mu fara.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a Zamfara da Najeriya baki ɗaya, Ya sa albarka a nemanmu, amin.